Baƙin Allo a Ɗakin Baba

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

"Ki sauya wannan fuskar kafin ki shiga," in ji Gwaggo. "Fuskar masu dubiya ce. Ya ce lafiyarsa lau. Ke gaisuwa kika zo."

Ko jakata ban ajiye ba. Na ce, "Gwaggo, tun asuba na taso daga Abuja saboda mai lafiya lau?"

"Wa ya kira ki?"

Wanda ya kira ni, ƙanena Mahbub, yana tsaye bayan mota yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da bijimin huɗa ya make Baba a gonarsa ta Lakwaya, ya haɗa shi da jikin amalanke. Baba ya tashi, ya karkaɗe riga, ya ƙarasa aikin ranar. Babu jini, babu kumburi. Iyakar labarin da gidan nan ya yarda a bayar ke nan.

Na shiga na durƙusa. "Baba, an wuni lafiya?" Bai dube ni ba. Ya dubi Gwaggo ya ce, "Sabuwa, ki yi wa mutuniyar Kabo sannu da hanya." Gwaggo ta juyo, da gaske fa, ta ce, "Wai sannu da hanya."

Ni ce 'yar fari. Shekarata talatin da huɗu ban taɓa jin Badi'a a bakinsa ba, kuma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ana yaye ni Gwaggo, yayarsa, ta goya ni zuwa Kabo, can na girma. Inna ma, Allah ya jiƙanta, haka ta yi har ta koma ga Ubangijinta. Turawan da nake aiki da su na taɓa ba su labarin, suka yi mini kallon marainiya. Ban ƙara ba.

Ya rame. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan azahar

A zaune ya yi salla. Wai gwiwa ce. Kunu cokali uku. Ya ce lafiya lau.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na fito wanka na tarar da aikina na shekara huɗu an rufe ƙwaryar fura da shi.

"Gwaggo!"

"Me? Faifai ne mai kyau, ƙuda ba ya shiga. A jakarki na gani."

Na ɗauke shi na goge da gefen zanena. Allo na bakwai ne cikin waɗanda muke gwaji da su, wanda na zo da shi don nunawa a taron injiniyoyi na Abuja. Baƙi ne wuluk, bai wuce girman allon karatu ba. Irin abin da ake ƙera fikafikan jiragen sama na yanzu ne: zaren kabon a saƙa kamar tabarma, a jera shimfiɗa goma sha shida, a manne su da ƙaro, a gasa. Ya fi ƙarfe rashin nauyi, kuma yana da ƙarfi. Aibinsa ɗaya ne. Ƙarfe in ya bugu yakan lotsa, kowa ya gani. Shi kuwa ko sufana ce ta faɗo masa daga hannun makaniki, ko tsuntsu ya yi karo da shi a sama, fuskarsa sumul take zama. A can ciki ne shimfiɗun suke rabuwa da juna.

Aikina shi ne in sa masa jijiya. Muna da na'ura kamar firinta, sai dai tawadarta ta azurfa ce. Da ita nake zana siraran layuka a jikin allon, wuta ƙanƙanuwa tana bi ta cikinsu. In wani abu ya motsa a ciki, layin ya miƙe ko ya tsage, sai lambar da mita ke nunawa ta canza. Sensa muke ce musu. Huɗu ne a jikin na bakwai.

Duk na yi wa Gwaggo wannan bayani. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To yanzu da me zan rufe furar?"

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya aiko saƙo daga Turkiyya. Tikitin komawata na ranar uku ga Agusta ne, kuma takardar zamana a can ba ta jiran kowa. Na amsa masa da cewa komai lafiya lau. Ashe gadon Baba na yi.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Na yi wauta.

Da hantsi Alhaji Mijinyawa, abokin Baba tun suna kiwo, ya zo da wasu dattawa biyu. Na kai musu ruwa zaure. Ina ajiye tiren na ji yadda Baba yake jan numfashi tsakanin gaisuwa, rabi-rabi, kamar mai tsoron kada ya ƙare. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Baba, ba ka da lafiya. Gobe za mu Kano a yi maka hoto."

Kai tsaye. A gaban mutane. Ni.

Alhaji Mijinyawa ya shiga kallon carbinsa kamar yau ya saya. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa, ya tashi tsaye ba tare da ya dafa bango ba, ya ce da Mahbub, "Ajiye makullin motarka. Da ƙafa za ni masallaci."

Da ƙafa ya je. A dawowa mutum biyu ne suka riƙo shi, wai cunkoso ne ya yi yawa. Leɓensa ya yi fari.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. A madafa ta same ni ta ce, "Da kin bar shi, da a kwance zai wuni. Ke kika tashe shi. Mutumin da ko sunanki ba ya iya faɗa, shi zai ce miki nan ke mini ciwo? Duk karatun nan, Badi'a."

Duk karatun nan.

Asabar, 19 ga Yuli, da safe

Ban shiga ba. Daga bakin ƙofa na gaishe shi. Ya amsa wa labule.

Asabar, da yamma

An yi ruwa. Gero ya kai gwiwa a bayan gida. Bijimin yana ɗaure a turke yana tuƙa, ko a jikinsa. Na tsaya na harare shi na kusan minti biyar. Ina da digiri biyu.

Lahadi, 20 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

An fito da Baba tsakar gida ya sha iska, ya jingina da filo biyu. Ina gefe ina goge allon, don hannuna ya sami abin yi.

"Mahbub," in ji Baba, "wancan baƙin allon na mene ne?"

Mahbub ya juyo. "Yaya, wai na mene ne?"

"Ka ce fiffiken jirgi ne, gutsure."

"Wai fiffiken jirgi ne, Baba."

"Na ji, ai ba kurma ba ne ni. Rubutun jikinsa fa?"

Haka muka yi ta yi, magana tana zagayawa ta kan Mahbub kamar mota a shatale-tale, shi kuma malamin lissafi ne, yana ƙara nasa a hanya. Da na ga Baba ya karkato, na ɗauko mita na jona wayoyi. Lamba ta fito: 120.4. Na nuna wa Mahbub cewa ko da yatsa aka danna kusa da sensa, lambar takan ɗan motsa, in an ɗaga ta koma.

"In an buge shi fa?" Baba ya tambayi Mahbub.

Ba don duka na kawo na bakwai ba. Akwai injin da aka tanada domin hakan, mai auna nauyi da tsayi, kuma an sa masa rana a watan Satumba. Na dubi allon, na dubi leɓen Baba. Na ce, "Gwaggo, ara mini taɓarya."

"Ke ba ki iya ba. Kawo."

Na ɗora shi kan bulo biyu. Gwaggo ta gyara ɗaurin zane, ta yi bisimilla, ta sauke masa taɓarya sau ɗaya kamar ya taɓa zaginta. Kaji suka watse.

Mahbub ya ɗauka ya juya shi gaba da baya, ya shafa. "Ba abin da ya same shi."

Mita ta ce 137.9. Kuma ba ta koma ba.

Gwaggo ta karɓa, ta shiga ƙwanƙwasa shi da zobenta kamar yadda take yi wa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta saya. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, sai ɗif. "Nan ne," in ji ta. "Nan ya mutu." Daidai wurin, ko faɗin yatsa ba ta kuskure ba. "Wannan kika yi shekara huɗu a kai? Da kin tambaye ni."

Na ce, "Gwaggo, in jirgi yana sama wa zai fita ya ƙwanƙwasa?"

"Sai a ɗauke ni aiki."

Baba ya yi dariya. Rabinta. Sauran ya haɗiye, hannunsa ya tafi wani wuri ya fasa. Dukanmu mun gani, dukanmu muka dubi kaji.

Da za a mayar da shi ɗaki ya ce da Mahbub a shigo da allon, kada awaki su taka.

Litinin, 21 ga Yuli

Lafiya lau. Cokali biyu.

Talata, 22 ga Yuli, bayan la'asar

Kwana goma sha biyu ya rage mini. Mahbub ya ce mu ɗauke shi da ƙarfi mu sa a mota. Na tambaye shi wane ɓangaren Baba zai kama.

Gwaggo ta ce ita tun ran farko ta ji a muryarsa. "Ta canza, kamar dai allonki." Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba? Ta ce, "Na faɗa. Ya ce in koma Kabo."

Laraba, 23 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Zan rubuta wannan a hankali, don kada in ƙara masa komai.

An yi rasuwa a maƙwabtan Gwaggo a Kabo, ta tafi da sassafe. Mahbub yana makaranta, ana jarrabawa. Ƙarfe tara ta yi, kunu ya huce sau ɗaya na ɗumama, babu mai kaiwa sai ni. Na yi sallama na shiga. Mu biyu a ɗaki, babu na uku. Iya sanina hakan bai taɓa faruwa ba.

Na ajiye kofin. Ya dubi ƙofa, ba Sabuwa. Ya dubi taga, ba Mahbub. Ruwa yana sauka kan kwano a hankali. Na yunƙura zan fita.

"Kai, baƙin allo."

Allon yana jingine da bango kusa da buzun salla, mitar tana gefensa. Na koma na durƙusa.

"Da Sabuwa ta buge ka, kai ka faɗa, ko sai da aka tambaye ka?"

Ni ma allon na kalla. Na ce, "Allo, ka ce wa Baba ba ka jira tambaya ba. Don haka aka sa maka jijiyar."

"Ba ka ji nauyi ba?"

"Ka ce masa ba laifinka ba ne. Buge ka aka yi."

Ya ce, "Da ba a sa maka ba fa? Da shiru ka yi?"

"Ka ce masa da jirgin ya ci gaba da tashi. Sau ɗari, wataƙila sau dubu. Kowace tafiya tsagar tana ƙaruwa kaɗan. Har ranar da ba za ka iya ba."

"Da mutane a ciki."

"Da mutane a ciki."

Ya gyara zama, na ji yadda gyarawar ta ci masa. Ya ɗaga hannun dama ya ɗora ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu.

"To ka gaya wa mai kai, wadda ta sa maka jijiyar, nan ne. Tun ranar. In na ja numfashi kamar ana tura tsinke. Kwana uku ke nan ya hau har kafaɗa. In na tashi tsaye ɗakin yana juyawa." Ya tsaya ya huta. "Ka ce mata ranar Juma'a ba fushi na yi ba."

Na gyaɗa wa allo kai.

"Kuma ka ce kada ta gaya wa Sabuwa ni na faɗa. Ta ce kai ne."

Na fito na kira Mahbub. Ya bar ɗalibai wa wani malami ya taho. Gobe bayan asuba za mu Kano.

Alhamis, 24 ga Yuli, Kano, ƙarfe huɗu na yamma

Baba ya ƙi shiga mota sai da allon. A cinyarsa ya riƙe shi tun daga Gwarzo. Gwaggo, da muka ɗauka a hanya, ta ce, "Oh ni Sabuwa, an yi sabon aboki, mu an yar da mu."

Likita matashi ne, ya ga baƙin abu a hannun tsoho sai ya miƙo hannu. "Baba, an riga an yi hoton ne?" Ya ɗaga shi sama wajen fitila yana nema ya ga ƙashi. Mahbub sai da ya fita waje don dariya.

Da likitan ya tambayi inda ke ciwo, Baba ya faɗa masa tiryan-tiryan, kamar mai ba da labarin wani. Ni ina bayan kujera. Likitan bai bari mun koma gida ba.

Juma'a, 25 ga Yuli

Sun shiga da shi tiyata ƙarfe goma. Sun fito ƙarfe ɗaya da kwata. Na ƙirga fale-falen daɓen barandar, ɗari biyu da sittin da huɗu ne.

Asabar, 26 ga Yuli, da hantsi

Abin da bijimi ya yi, sun gyara. Likita ya ce da an ƙara mako guda, sai ya bar maganar a nan, na gode masa da ya bari.

Sannan ya ce in biyo shi ofis. A hoton sun ga wani abu dabam, wanda ba bijimi ne ya kawo ba. Abin ya daɗe a wurin. Ya zana mini a takarda, na gyara masa riƙon biro a zuciyata, don in sami abin da zan kalla.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ban rubuta sunan ciwon ba. Ba zan rubuta ba.

Talata, 29 ga Yuli, bayan azahar

Ya sha kunu rabin kofi. Ya ce wa allo a gaya wa masu asibitin nan gishiri ba haramun ba ne.

Alhamis, 31 ga Yuli, Gwarzo, da yamma

Mun dawo. Za a riƙa kai shi Kano duk mako uku. Mahbub ya rubuta ranakun a bangon ɗakinsa da alli. Gwaggo ta aika Kabo a kwaso mata kayanta da tukwanenta biyu, ta ce ba ta yarda da na gidan nan ba.

Na rubuta wa Farfesa wasiƙa cewa ba zan dawo bana ba. Na kuma sanar da shi cewa na bakwai ya gamu da taɓarya. Ban aika ba tukuna. Na karanta wa Gwaggo, wadda ba ta iya riƙe magana daga madafa zuwa rijiya.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Ba ta riƙe ba.

Na kai kunu. Gwaggo tana ɗakin, Mahbub ma yana nan, amma Baba bai dubi ko ɗayansu ba.

"Baƙin allo, na ji wata magana. Ka tambayi mai kai, 'yan'uwanka nawa ne a can?"

"Ka ce goma sha ɗaya."

"Duk an sa musu jijiya?"

"Ka ce saura biyar."

"To wa zai sa musu? Sabuwa?"

"Ni ina da aiki," in ji Gwaggo.

Na ce, "Allo, ka ce wa Baba aikin zai jira."

"Ka ce mata mutanen da ke cikin jirgin ba su san ana jira ba." Ya ja numfashi, cikakke wannan karon, na ƙirga shi. "Ka ce abin da ta zo yi ta yi. Abin da ya rage ba nata ba ne, ba na likita ba ne. Ka ce in da wani abu zan faɗa. Na koya."

Gwaggo ta tashi wai ta ji ƙauri a madafa. Ba a ɗora komai ba.

Na goge wasiƙar. Na bar layin taɓarya kawai.

Asabar, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Na saya wa mita batir guda shida. Na koya wa Mahbub yadda ake canzawa, ya ce shi malamin lissafi ne, na ce shi ya sa.

Na je wajen bijimin na ba shi dusa. Ban yafe ba, amma na ba shi.

Lahadi, 3 ga Agusta, a mota, mun wuce Kabo

Rubutun zai karkace, Mahbub ba ya ganin rami sai ya faɗa.

Akwai abin da ban rubuta ba tun farko. Kafin in zana sensa, nakan gwada bakin firinta a kusurwar allo, in ga ko tawada tana fita daidai. Abokan aikina layi suke ja. Ni sunana nake rubutawa da ajami, don lanƙwasar haruffan ta fi nuna inda tawada ke yankewa. Ƙanƙane ne, bai kai tsawon yatsa ba, yana gefen sensa ta huɗu. Na saba da shi har na daina ganinsa. Baba ba ya karanta boko. Ajami kuwa ko ba tabarau.

Da safe na shiga sallama. Yana zaune a bakin gado da farar riga, an sa masa hula, allon yana cinyarsa. Wani ya jona masa wayoyin, kuma a sensa ta huɗu aka jona, wadda taɓarya ba ta shafa ba. Mitar tana kan tabarma, fuskarta tana kallon ƙofa.

Na durƙusa. "Baba, zan tafi."

Ya ce wa allo Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka, Allah ya sa a gama lafiya. Ya ce a gaya mini in riƙa cin abinci, wai Sabuwa ta ce na zama kamar karan dawa. Na ce amin, amin, amin. Bai miƙo allon ba, ban miƙa hannu ba.

Babban yatsansa yana kusurwar. Azurfar wurin ta fi ta ko'ina sheƙi, kamar an daɗe ana shafawa.

Mahbub ya yi hon. Na tashi, na kai bakin ƙofa.

"Ka ce mata ta ja ƙofar, iska tana shigowa."

Na kama marfin. Kafin ya rufu na dubi mitar. Tana 121.0. Sai ta hau, 121.3, 121.6, ta tsaya a nan ba ta sauka ba.

Na ja ƙofar a hankali har sai da ta ce ƙyas, na ɗauki jakata, wadda ta rage nauyi, na fita.